Amsa ga ƙaninmu likita: atisaye kafin shiga wod ɗin masu taɓin hankali

Wani ƙaninmu likita ɗan unguwar Aboabo a Kumasi ya turo min tambaya. Yana cikin hausmanshif, wato aikin horon sabon likita bayan gama makaranta, an ce za a kai shi sashen masu taɓin hankali, kuma kafin su fara za a yi musu simuleshan, a shirya musu gaggawa ta ƙarya su gwada hannu. Ya ce wai wannan ba wasan kwaikwayo ba ne kawai? Mutumin da ya yi wata shida a medikal ya ga mutuwa da idonshi me zai koya a wurin mai ƙaryar ciwo? Sannan ya ce mu da ba mu da irin mutum-mutumin roban nan masu tsada, ta yaya ma za a yi abin da kyau.

Toh ƙanina, ka je, kuma ka je da wuri ka zauna a gaba. Wata shidan da ka yi a medikal ka yi shi ne da mutane kewaye da kai, akwai siniya a kusa, akwai lab, in numfashin mutum ya tsaya ka yi ihu wani ya zo da gudu. Wod ɗin masu taɓin hankali da ƙarfe biyun dare ba haka yake ba. Kai ne likita, kai kaɗai, sai nas biyu ko uku, konsaltan yana gida sai dai waya. Ka duba ma yadda ƙasar take: manyan asibitocin ƙwaƙwalwa uku ne, na Accra da aka buɗe tun 1906, Ankaful kusa da Cape Coast 1965, sai Pantang 1975, duk a kudu, kuma kowanne asibiti ne a ware shi kaɗai ba a cikin babban asibitin ciwon jiki ba. Mu a Kumasi sashen yana cikin Gee ne, wato asibitin koyarwa na Komfo Anokye, sai dai mutanen da ake kawowa ba na Kumasi kaɗai ba ne, har daga can sama ake tasowa, wasu sun kwana a hanya, wasu sai da aka zaga da su wurin malamai da wuraren addu'a kafin a iso.

Abin da yara likitoci ba sa tsammani shi ne, yawancin abin da zai tashe ka da dare a wod ɗin nan ciwon jiki ne. Kowa yana zuwa da tsoron za a mare shi, eh ana mari, amma abin da ke kashe mutum shi ne suga da ya faɗi, numfashi da ya yi ƙasa bayan allura, zazzaɓi da aka raina, abinci da ya shaƙe mutum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana faɗin cewa masu tsananin taɓin hankali suna mutuwa shekara 10 zuwa 20 kafin sauran mutane, kuma galibi ciwon jiki ne ke ɗauke su. Dalili ɗaya da nake gani kullum: da zarar an rubuta wa mutum ciwon ƙwaƙwalwa a folda, duk abin da ya yi sai a ce ai ciwon ne. Ya rikice, ciwon ne. Ya yi shiru ya kwanta, Alhamdulillahi ya samu sauƙi. Babu wanda ya soki yatsanshi ya duba suga.

Kuma ba wai ba ku sani ba ne fa. In na tsare ka a koridoo na ce faɗa min alamomin NMS, wato mugun zazzaɓi da sandarewar jiki da maganin ƙwaƙwalwa kan jawo, za ka zubo su kamar karatun allo. Inda ake samun matsala minti biyar na farko ne, lokacin da nas ke maka magana, ɗan'uwan mara lafiya ke kuka, wani mara lafiyan yana buga ƙofa, kai kuma ƙwaƙwalwarka ta ɗauke wuta. Wannan minti biyar ɗin littafi ba ya koyar da shi, sai jiki ya taɓa shiga ciki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Bari in ba ka wanda na fi son shiryawa. Saurayi ne, an kawo shi da yamma yana faɗa, an ce ya sha abubuwa amma ba a san me da me ba, likitan rana ya rubuta allura an yi mishi, ya kwanta. Kai ka karɓi kol. Nas ta kira ka ta ce dokta zo ka sa hannu a wata takarda, sai a gefen magana ta ce wancan sabon yana ta minshari paa. Shi ke nan abin da za a ba ka. Wanda ke wasan mara lafiyan yana kwance yana numfashi a hankali, mu muna gefe muna kallo da agogo. Wallahi da yawa sai su sa hannu su juya za su tafi. Wasu su leƙa daga bakin ƙofa su ce a bar shi ya huta. Kaɗan ne za su je su tsaya a kanshi su ƙirga numfashi na minti ɗaya cikakke, su kira sunanshi, su girgiza kafaɗa, su sa abin auna oksijin a yatsa. In ka ƙirga sai mu ce maka 8 ne a minti. Toh yanzu fa? Ƙasa da 10 bayan irin wannan allurar ba barci ba ne. Ka gyara mishi hanyar iska, ka juya shi gefe, ka nemi oksijin, ka duba suga, ka tambaya takamaimai me aka yi mishi, nawa, ƙarfe nawa, in dayazifam ne ya yi yawa akwai flumazenil mai karya ƙarfinshi amma ka tuna in mutum ya saba shan irin waɗannan ƙwayoyin ko ya haɗa da tramol flumazenil ɗin zai iya jefa shi cikin jijjiga, in kuma ƙwayar idonshi ta tsuke kamar kan allura ka yi tunanin abin da ya sha a waje ka nemi nalokson, mai karya ƙarfin dangin tramol. Duk wannan ka sani. Sai dai a ɗakin atisayen ne za ka gano cewa ka ce a kawo oksijin amma ba ka ce wa kowa ba, ka faɗa wa iska ne, kowa ya zaci ɗayan ne zai je. Za ka koyi cewa Anti, ke, kawo silinda, in kin kawo ki faɗa min. Ƙaramin abu ne amma shi ne ke raba wanda ya rayu da wanda bai rayu ba.

A kan wannan allurar kwantar da mutum, ƙa'idar da hukumar NICE ta Ingila ta fitar a 2015 ta ce bayan an yi a riƙa duba bugun jini, bi-pi, numfashi, zafin jiki da yadda hankalinshi yake aƙalla kowace awa, amma in ya yi barci, ko ya sha giya ko ƙwaya, ko yana da wani ciwon jiki, ko an wuce iyakar magani, to kowane minti 15. Mu a nan sau da yawa ana yin allura kowa ya sauke ajiyar zuciya, alhali lokacin ne aikin ya fara. Cikin magungunan ƙwaƙwalwar da ake allurar da su, Largactil na saukar da bi-pi, mutum ya miƙe zai je bayi ya zube ya fasa kai. Olanzafin na allura ba a haɗa shi lokaci ɗaya da allurar dangin dayazifam. Haloperidol shi kaɗai yana yawan kawo ƙagewar jiki, shi ya sa ake haɗa shi da prometazin.

Wannan ƙagewar ita ma muna shirya ta, don a zango tana da nata labarin. Yaro saurayi an fara mishi haloperidol jiya ko shekaranjiya, yau wuya ya murɗe, ido ya kafe sama, harshe ya fito. Uwar tana gani za ta ce ai na faɗa muku ba ciwon asibiti ba ne, mutanen ɓoye ne, a sallame mu mu je wurin malam. In likitan bai gane ba shi ma sai ya ce ƙarya yake yi ko ciwon ne ya ƙaru, ya ƙara mishi irin maganin da ya jawo abin. Alhali in an yi mishi allurar da ke sake jijiyoyin cikin ɗan lokaci sai ka ga ya dawo daidai, a ci gaba da ƙwayar Artane mai hana ƙagewar dawowa. A atisaye muna sa wata ta yi wasan uwar, kuma muna ce mata kar ta yi sauƙi. Abin da muke so mu gani shi ne ko za ka iya yi wa yaron magani da hannu ɗaya kana yi wa Hajiya bayani da girmamawa ba ka ce mata jahila ba, don in ka raina imaninta ta tafi da ɗanta kenan kuma ba za su dawo ba sai abu ya lalace. Ka kuma saurari muryar yaron, in ta canja ko numfashi yana ƙara kamar ana busa, maƙogwaro ne ya ƙage, wannan ba ya jira.

Na zazzaɓi ya fi wahala kuma na fi daɗewa a kanshi da masu koyo. Mace ce a wod, kwana biyu ba ta ci sosai, yau jiki zafi, gumi, ta rikice. Duk likitan da aka horar a Ghana bakinshi zai ce maleriya kafin ƙwaƙwalwarshi ta gama tunani, kuma ba laifi ba ne, a gwada maleriya ɗin, a yi tunanin taifot da sanƙarau da ciwon fitsari. Amma ka kama hannunta ka lanƙwasa gwiwar. In ya yi tauri kamar ƙarfe, bugun zuciya na gudu, bi-pi na hawa da sauka, kuma kwanan nan aka ƙara mata magani ko aka yi mata allurar wata-wata, to NMS ne har sai an tabbatar ba shi ba. A tsayar da maganin ƙwaƙwalwar gaba ɗaya, a sanyaya jiki, a sa ruwa, a ɗebi jini a duba CK, gwajin lalacewar tsoka, da ƙoda, a nemi mata gado a medikal. A nan ne kashi na biyu na jarabawar yake, wato wayar. Muna sa wani siniya ya zauna a wani ɗaki ya yi wasan likitan medikal da ya gaji, wanda da ya ji daga ina ake kira zai ce ba gado, ai naku ne ku riƙe abinku. Yaro likita sai ya fara ba da tarihi tun daga ranar da aka haife ta, kafin ya iso kan zazzaɓin an kashe waya. Ana so cikin rabin minti ka ce ni wane daga wod kaza, ina da mace mai shekara kaza da nake zaton NMS, zafin jiki kaza, bugu kaza, jiki a sandare, na tsayar da magani na sa ruwa, ina so ka zo ka gan ta yanzu. In an ƙi, wa za ka kira na gaba? Wanda bai taɓa gwada wannan wayar ba muryarshi rawa take yi.

Sauran ba sai na ja su ba. Mai shan giyar akpeteshi kullum da aka kwantar, kwana biyu zuwa uku da rabuwa da kwalba sai rawar jiki da gumi da gane-gane, wannan yana kisa, kuma a ba shi tayamin, wato bitamin B1, kar a ɗura suga kawai. Mai tramol da ke faɗuwa yana jijjiga, in ta wuce minti 5 ba a tsayawa kallo. Mai shan maganin ƙwaƙwalwa litiyam da ya zo da gudawa da amai da rawar hannu yana tangaɗi, musamman lokacin azumi da zafi ko in ya sayi diklofenak a kemis don ciwon baya. Mai shan maganin ƙwaƙwalwa klozafin da ya zo da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, a duba fararen ƙwayoyin jini a ranar. Wanda lomar banku ko dokunu ta tsaya wa a wuya, don magungunan nan suna rage ƙarfin haɗiya kuma wasu suna cin abinci da gaggawa. Da kuma wanda aka tarar ya yi yunƙurin kashe kanshi a wod, inda ake so ka san inda abin yanka igiya yake ba ka tsaya nema ba, ka duba numfashi, ka kula da wuya, in zuciya ta tsaya dannawa 30 hura iska 2, saurin 100 zuwa 120 a minti. Tun 2023 majalisa ta cire yunƙurin kashe kai daga laifuka a Ghana, amma har yanzu sai ka ji ma'aikaci yana yi wa mutum faɗa ko barazanar ɗan sanda yana farfaɗowa, toh wannan ma a atisaye ake kama shi a gyara.

Yanzu maganar mai faɗa, wadda ita ce kuka fi tsoro. Kafin allura akwai baki. Inda ka tsaya, nisan da ka bari, ko ƙofa tana bayanka ko ka bar shi ya tare ta, ko mutum ɗaya ne ke magana ko mutum biyar ne ke ihu lokaci guda, wani da Turanci wani da Tuwi. Kai da kake jin Hausa kana da abin da abokan aikinka da yawa ba su da shi. Dattijon da aka ɗauko daga Asawase a ɗaure, aka kewaye shi da yaren da ba ya so, in ya ji an ce sannu Baba, sun wahalar da kai ko, zauna mu yi magana, ka sha ruwa? sau da yawa rabin wutar ta mutu. Amma sai ka gwada ka ji yadda muryarka ke fita lokacin da ƙato ke tsaye a kanka yana zagin uwarka. Wasu suna dariya don tsoro, wasu su ɗaga murya, wasu su yi alƙawarin ƙarya cewa yanzu za a sallame ka. Duk muna son su fito a ɗakin gwaji.

In kuma dole sai an riƙe mutum, likita ba ɗan kallo ba ne, aikinka kai da numfashi. A Ingila a 1998 David Bennett ya mutu a wani asibitin ƙwaƙwalwa a Norwich bayan an danne shi rub da ciki kusan minti 25. A 2010 Olaseni Lewis, saurayi ɗan shekara 23, ya mutu bayan 'yan sanda sun danne shi a asibitin Bethlem a Landan, har aka yi doka da ake kira da sunanshi a 2018. Can ma da kayan aikinsu kenan. Ba a hawa ƙirji ko baya ko wuya, ba a barin mutum a kife, kuma in wanda ke kokawa ya yi laushi farat ɗaya kar ka ce ya saduda, ka duba ko yana numfashi. Dokarmu ta lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012, Act 846, ba ta yarda a ɗaure ko a kulle mutum don horo ko don sauƙin ma'aikata ba, kuma in an yi sai an rubuta. Takardar gaggawa da ake tsare mutum da ita ba da yardarshi ba awa 72 ce iyakarta. Ka taɓa cike ta kafin ranar da za ka cike ta hannunka na rawa.

Tambayarka ta biyu, ta roba mai tsada. Akwai cibiyar simuleshan a asibitin Jami'ar Ghana da ke Legon, in ka samu dama ka je, abu ne mai kyau. Amma a fanninmu roba ba ta zagi, ba ta kuka, ba ta ce maka abincin nan an sa guba. Mutum ake buƙata. Amfani da mutum ɗin ma ya daɗe, Howard Barrows likitan jijiyoyi a Kalifoniya ta Amurka shi ya fara horar da lafiyayyu su yi wasan marasa lafiya don ɗalibai tun 1963, aka yi ta mishi dariya a lokacin. Abin da ake buƙata ɗaki, mutum biyu da aka shirya da kyau, kati da aka rubuta bi-pi da bugu da suga da za a ɗaga in ka auna, sai rabin roba ta danna ƙirji wadda kusan kowace makarantar nas tana da ita. Sharaɗi ɗaya nake kafawa: mai wasan kar ya yi haukan fim, yaga riga da cin datti da zare ido don a yi dariya. In aka yi haka an koya muku raini ne. A shirya shi da nas da ta daɗe a wod, in da hali da wanda ya taɓa yin ciwon ya warke kuma ya yarda ya taimaka, su suka san yadda abin yake daga ciki.

Ni a ganina ma wanda ake yi a cikin wod ɗin kanshi ya fi na cibiya amfani, da nas-nas ɗin da za ku yi dare tare da sikiritin ƙofa. A nan ne asiri ke tonuwa. Silinda tana nan amma abin buɗe ta yana aljihun wanda ya tashi aiki. Na'urar suga tana nan ba tsinken gwaji. Jakar hura iska tana cikin kabad, makullin yana wurin in-caji. An kira 112, ambulan ta iso, get a kulle. Gadon ba ya wucewa ta ƙofar. Babu ɗaya a cikin waɗannan da ke cikin littafi kuma babu wanda za a gano a Legon.

Sai zaman bayan wasa, wanda shi ne ainihin karatun, in wasan minti 10 ne zaman ya ninka shi. A nan nake da ƙorafi da mu manya. Mun taso a tsarin da siniya ke tsinka ka gaban marasa lafiya a rawun, sai mu ɗauko wannan halin mu kawo ɗakin atisaye, yaro ya fito an kunyata shi, abin da ya koya kawai shi ne gobe ya ɓoye rashin saninshi. Tambayar da ta dace ita ce na ga ka tsaya a bakin ƙofa ba ka shiga ba, me ke ranka a lokacin? Sau da yawa amsar tana da ma'ana, zai ce nas ta girme ni ta ce barci yake, na ji nauyin in musa mata. Toh ka ga ashe ba ilimi ne ya gaza ba, kunya ce irin tamu, kuma ita za a yi aiki a kai, yadda za ka ce Anti bari dai mu duba tare ba tare da ka ci mata fuska ba. Haka ita ma ƙaramar nas ta koyi ce wa dokta a'a, wannan allurar ta yi yawa. In mai koyar da ku ya fara wulaƙanci, laifin nashi ne, kar ka ɗauka haka abin yake. Abin da ya faru a ɗakin kuma a ɗakin yake tsayawa, ba a ɗauka a waya a tura gurup.

Kar in cika maka baki da yawa. Binciken da ake da shi ya fi nuna cewa masu koyo suna samun ƙarfin gwiwa da sani da iya aiki tare, hujjar cewa mutuwa ta ragu a wod ba ta kai wannan ƙarfi ba. Hannu kuma yana mantuwa, danna ƙirjin da ka koya yau cikin 'yan watanni ya fara lalacewa, don haka na rana ɗaya a shekara da satifiket da shinkafa a fak bai isa ba, gara minti 20 a kai a kai. Kuma atisaye ba ya sayo oksijin, in an gano babu sai an rubuta an bi sawu.

Ranar da ka fara aiki, kafin ka karɓi kol na farko, ka nemi in-caji ta buɗe maka tirolin gaggawa ka taɓa komai da hannunka, ka buɗe silinda da kanka ka ji iskar ta fito, ka duba ranar lalacewar allurai, ka sa lambar siniyanka da ta medikal da ta mai sa barci a wayarka. In wurin da aka kai ka ba sa yin atisayen kwata-kwata, ku uku kun isa ku fara, kai da nas ɗaya da wani ya kwanta a gado, ku ɗauki na mai minsharin nan tukuna, ku roƙi siniya ɗaya mai haƙuri ya riƙe muku agogo, kuma ku yi shi lokacin canjin aiki na yamma don 'yan dare su samu shiga.